Ɗakin Kallon Gulbi da Na Yi Kara da Shi

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan zaure, manya da yara. Don Allah a sakaya sunana, domin a garin Sakkwato da na ambaci sunan mahaifina an gama gane ni, kuma maganar da zan yi ba ta dace da furfurata ba. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina girgiza kai, wani lokaci har in yi kwament in ce a yi haƙuri, yau ga shi abin ya biyo ta kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, na san halin wasunku.

Ni tsohon akawun gwamnati ne, na yi ritaya da daɗewa, shekaruna sun haura saba'in, ina zaune a Gidan Igwai da matata Hajiya. Matsalata a kan ɗaki ne, ɗaki guda mai taga biyu, kuma kusan shekara hamsin ke nan yana cin raina.

Abin ya samo asali ne a zamanin soja, lokacin da kuɗin mai ya buɗe, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, mai tafiya a ƙasa ya sayi basfa, mai basfa ya sayi mota. A cikin abokanmu akwai wani injiniya, Allah ya jiƙansa, aka tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo mana da wata dabara da ya gano a can. Ya ce Turawa sukan haɗu su mallaki gidan hutu guda a bakin teku, kowa da ɗakinsa da lokacinsa, idan lokacinka ya zo ka shiga da iyalinka, idan ya ƙare ka fita wani ya shiga. Ya ce mu ba mu da teku amma muna da gulbi, kuma duk wanda ya san bazarar Sakkwato ya san ko don iska kaɗai mutum zai so ya kwana kusa da ruwa. Muka haɗu mu goma sha biyu, ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa ya kawo daidai da abin da ɗan'uwansa ya kawo, muka sami fili a kan wani tudu mai kallon fadama idan ka fita ta hanyar Kware, aka gina bene. Ƙasa falo da kicin, sama ɗakuna huɗu. Aka kasa mu rukuni uku, mutum hurhuɗu, kowane rukuni ya yi wata guda ya ba na gaba, haka yake zagayawa har yau. Wata ne ke juyawa, amma ɗakin da ka samu naka ne, ba ya canzawa.

To Injiniya bai yarda a bar ɗakunan da lamba kawai ba, ya ce a can kowane ɗaki da abin da yake kallo ake kiransa. Ya je Sabon Gari wajen mai fenti aka rubuta masa ƙananan alluna huɗu, aka kafa a ƙofofi. Na ɗaya Kallon Gulbi, kuma wannan gaskiya aka rubuta, taga biyu, kana kwance a gado kana ganin ruwa, da masunta a kwalekwale, da gonakin albasa kore shar, da yamma ga shanu suna tsallakawa. Na biyu Gefen Gulbi, shi sai ka zura kai ta taga ka karya wuya hagu sannan ka hango ruwa kamar faɗin tabarma. Na uku Kallon Lambu, a lokacin dashen mangwaro uku ne kawai a lambun, ko gwiwa ba su kai ba. Na huɗu Kallon Gari. Jama'a, babu gari. Tankin ruwa ne da ɗakin janareta da katanga. Da muka yi masa magana ya ce ai garin ta wannan shiyyar yake, kuma a can ma haka suke yi, ba wanda zai rubuta wa ɗaki Kallon Tanki.

Ranar rabon ɗakuna ƙuri'a aka yi, bayan la'asar, a falon ƙasa, ko'ina warin sabon fenti. Shugabanmu wani attajirin tufafi ne na Ƙofar Taramniya, dattijo mai kwarjini, shi ya cire hularsa aka zuba takardu huɗu a ciki, kowane rukuni su ɗauka, Injiniya yana rubuta abin da kowa ya samu a littafin taro. A rukuninmu ni ne ƙarami, ko talatin ban cika ba, ban daɗe da aure ba. Kusa da ni abokina ne, zan kira shi Malam Bitrus duk da ba sunansa ke nan ba, malamin sakandare, Kirista, mutumin wajen Filato, yana zaune a Sabon Gari, ya girme ni da shekara uku. Mun shaƙu ƙwarai, a basfarsa na koyi tuƙi, shi ya kai ni asibiti lokacin da na faɗi da ita. Na sa hannu a hula na ɗauko, na buɗe, Kallon Gulbi. Shi ya buɗe tasa, Kallon Gari. Aka fashe da dariya ana ce masa Malam a gai da tanki, shi ma yana ta dariya.

A nan na yi abin da nake da-na-saninsa har yau. Ku 'yan yanzu ƙila ba ku san kara yadda muka tashi da ita ba. A wajenmu idan abu mai kyau ya faɗo maka a gaban manya ba ka rungume shi, sai ka yi tayinsa ga wanda ya girme ka. Shi kuma ya san nasa aikin, ya ce a'a, ka sake, ya ce wallahi a'a, shi ke nan a bar maka abinka, kai ka tashi da sunan mai ladabi, shi ya tashi da sunan mai wadatar zuci, ba wanda ya rasa komai. Ni kuma in faɗi gaskiya so nake Shugaba ya ga irin tarbiyyar gidanmu. Sai na miƙa wa Malam Bitrus takardata da hannu biyu, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, kai ab babba. Wanga ɗaki da kai yad dace, ba ni naka."

Na tsaya ina jiran a'a. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe tsaye, ya karɓa shi ma da hannu biyu.

"Akawu, na gode. Allah ya saka maka. Ba zan taɓa mantawa da wannan ba."

Ya ninke takardata ya sa a aljihu, ya ɗora mini tasa a tafin hannu. Duk Basakkwacen da ke wurin ya gane abin da ya faru, na ga wani yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Shugaba kuwa ya dube ni ya gyaɗa kai, ya ce madalla, haka suka san mahaifina, ya yi addu'a aka tashi. To bayan wannan yabo ta ina zan buɗe baki in ce ba da gaske nake ba?

Da na koma gida na gaya wa Hajiya, lokacin tana amarya, ta ajiye ludayi ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni ko duk faɗin Sakkwato na rasa wanda zan yi wa kara sai wanda bai san ana ƙi ba. Muka yi faɗanmu na farko a ranar. Tun daga nan duk lokacin da muka shiga gidan hutu, kafin ta kwance kaya sai ta ce, "Alhaji, tashi ka buɗe muna taga mu ga gari." Tun ban je Makka ba take kirana haka idan za ta yi mini wannan tsiya.

Ƙofar Kallon Gari tana fuskantar ƙofar Kallon Gulbi, taku uku ne tsakani, kuma rukuninmu ɗaya, saboda haka duk watan da nake gidan shi ma yana nan. Da safe idan matarsa Madam Saratu ta buɗe ƙofa za ta yi shara, sai haske ya kwararo har bakin ƙofata, da wata iska mai sanyi, in hango gulbin ta tsakanin kafaɗarta da ƙyaure. Sannan ta rufe. Ni in koma in zauna da ƙarar janareta da tankin da bai taɓa daina ɗiga ba, na haddace duk tsatsar da ke jikinsa. 'Ya'yana sun tashi suna kiran ɗakin Baba Bitrus ɗakin ruwa, gari na wayewa sun gudu can, sai an kira su cin abinci. Babbar 'yata ta taɓa tambaya me ya sa mu Allah bai ba mu ɗakin ruwa ba. Uwarta ta ce ta je ta tambayi ubanta, Allah kam ya ba mu.

Kada ku ɗauka mutumin nan mugu ne. Wallahi da mugu ne da na huta, in ƙi shi hankalina kwance. Sau uku a tsawon shekarun nan yana ce mini in shiga ɗakin da Hajiya mu yi mako guda, su su koma namu. Sai jinin gidanmu ya motsa, in ce haba Malam, a'a, ai nan ma lafiya lau muke. Domin a wajenmu tayin gaske da naci yake zuwa, sai mai abu ya maimaita, ya rantse, sannan ka karɓa kana nuna an fi ƙarfinka. Shi kuwa da na ce a'a sai ya ce to, ya ɗauko hirar ƙwallo. A karo na uku har bin bakinsa na yi da ido ina roƙon Allah ya maimaita, bai maimaita ba. Hajiya ta yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Hassada kuma ba ta tsayawa inda ta fara, wannan na gani a kaina. Aka ba shi shugabancin makaranta, na je na yi masa murna, a hanyar dawowa ina ce wa raina ai dole, mutumin da ke tashi da safe yana kallon ruwa ƙwaƙwalwarsa a sanyaye take. Ɗansa ya ci jarrabawa nawa ya faɗi, na ce wanda ya yi karatu a gaban wannan taga ai ba za a haɗa shi da wanda ya yi a kan janareta ba. Na san maganar banza ce, ina faɗa ina jin kunyar kaina, amma haka zuciyar take kawo mini. A falon gidansa akwai hoton iyalinsa da aka ɗauka a bakin tagar, gulbi a bayansu, duk zuwan da zan yi sai na zaɓi kujerar da zan ba hoton baya.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Hajiya. Wata shekara gwamnati ta matsa da gangamin dashen itatuwa, ana raba dashe kyauta a ofisoshi. Na karɓo dashen dogon yaro guda, na je na dasa shi daidai saitin babbar tagar Malam Bitrus. Da taku na auna, ba kuskure ba ne. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ina ba shi ruwa da hannuna, ko watan da ba namu ba nakan tuƙo mota in zo in duba shi, mutane suna cewa Akawu akwai son itace. Shekara takwas na jira kafin ya kai bene. Da ya rufe rabin tagar aka kawo maganar sare shi a taro, ni na miƙe na yi dogon jawabi a kan hamada da ladan dasa itace har aka tafa mini, aka bar shi. Ana tashi Malam Bitrus ya kama hannuna ya ce ya gode ƙwarai, da ma ranar yamma tana dukan ɗakin, yanzu sun sami inuwa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa gajiya da ba da labarin ba. Duk taron da ya same mu tare sai ya nuna ni ya ce ga mutumin da ya ba shi Kallon Gulbi ya ɗauki tanki. Ranar bikin 'yarsa, a gaban mutanen cocinsu da danginsa da suka zo daga gida, ya karɓi lasifika ya sa na miƙe tsaye, ya ce duk mai cewa Musulmi da Kirista ba sa zama 'yan'uwa ya zo ya ga wannan bawan Allah. Aka yi ta tafi, tsofaffin mata suna sa mini albarka. Ina tsaye ina murmushi, a raina ina cewa da kun san abin da na dasa.

To ga inda aka kwana yanzu. A cikin mu goma sha biyu, mu biyu muka rage a raye, ni da shi, sauran duk magada ne ke shiga. Benen ya tsufa, magadan suka ce a gyara shi, kuma a yi wa kowa takarda ta doka da sunan ɗakinsa don kada jikoki su yi rigima. Suka ɗora aikin a kan 'yar marigayi Injiniya, lauya ce, muna kiranta Barista. Makon da ya wuce ta zo gidana da tsohon littafin taro na mahaifinta, ta buɗe mini shafin ranar ƙuri'a. Ashe Injiniya ya rubuta abin da kowa ya ɗauko daga hula, amma musayar da muka yi bai rubuta ta ba, ƙila shi ma yana jiran a ce a'a. A littafi, Kallon Gulbi da sunana yake. Ta ce ta san tun tana yarinya Baba Bitrus ke shiga ɗakin, amma babu rubutu, shaidu duk sun rasu, maganata ce kawai ta rage.

"Baba, aro na ko kyauta ta?"

Na ce mata bari in tuna, an daɗe. Ni da ko launin hular Shugaba ban manta ba. Ta bar mini takarda mai gurbi guda da zan cike, in aro ne ɗaki ya dawo mini da magadana, in kyauta ce ya tabbata nasa da nasa magadan har abada. Ta ce mu biyu mu sa hannu a gida, tunda mu iyaye ne ba sai ta tsaya a kanmu ba, a kai mata ofis ranar Litinin ɗin nan mai zuwa.

Hajiya tana bayan labule ta ji komai. Washegari ta shiga kasuwa da ciwon gwiwarta ta yanko yadin labule na taga biyu, mai ruwan sararin sama, ta kai wa tela. Na ce mata ta dakata ban yanke shawara ba, muka yi ta har ta yi kuka, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Likita ya riga ya gaya mata benen nan ba za ta daɗe tana hawansa ba.

"Alhaji, shekara hamsin ina kallon tanki sabadda kunyakka. Ko sau guda in kwanta in ga ruwa cikin ɗakina, ba na aro ba, kahin ƙahwahun ga su ƙi ni."

Gaskiyarta ce, domin ita ba ta yi wa kowa kara ba, ni na yi, ita ta zauna a ciki.

Ranar Talata da hantsi na shiga Sabon Gari, da niyyar in shimfiɗa masa magana a hankali, in ce lauya ta gano wani abu a littafi. Na same shi a baranda kan kujerar roba, rediyo a cinya. Madam Saratu ta rasu shekara huɗu ke nan, 'ya'yansa suna Jos da Abuja, hawan jinin ido kuma ya cinye masa gani, haske da duhu kawai yake bambancewa. Da sallamata ya gane ni. Muka gaisa, muka taɓa hirar ciwon baya da tsadar magani, sai na kewayo na tambaye shi, kamar da wasa, yaya ya ji daɗin ɗakin nan tsawon shekarun nan. Ya yi dariya har da tari, ya ce tunda mun tsufa bari ya gaya mini wani sirri.

Ya ce ɗakin nan wahala ya ba su. Sauron fadama duk a nan yake sauka, kowace damina sai yaran sun kwanta zazzaɓi, iskar hadari ta watso ruwa ta taga har katifa, da bazara ranar yamma ta gasa su. Shekarun farko labule a rufe suke barinsa. Madam ta sha roƙonsa su koma ɗakin tanki, ga shi kusa da matakala da banɗaki, ba sauro, har faɗa sun yi a kai.

"Amma a garinmu, Akawu, kyautar da mutum ya ba ka a gaban dattawa, in ka ƙi ta ko ka mayar, ka zage shi ka zagi ubansa. Na ce wa Madam ko sauro zai cinye mu ba zan kunyata ka ba."

Ya ce sau ukun nan da ya yi mini tayin mako guda, fatansa in shiga in ji daɗi in zarce, su huta. Da na ce a'a sai ya ƙara ganin girmana, ya ce wannan mutum idan ya ba da abu ko leƙensa ba ya yi.

Jama'a, zan so in ce muku tausayi na ji. Haushi na ji, har kunnuwana suka yi zafi. Shekara hamsin ina hassadar mutum a kan tagar da ya rufe da labule. Ni ina can ina ƙuna, shi yana nan yana ƙuna, taku uku tsakaninmu. Na buɗe baki zan ce to Malam ai sai mu yi musaya yanzu kowa ya huta, sai ya riga ni.

Ya ce amma wannan da ne. Bayan itacena ya yi inuwa, yara sun watse, Madam ta ajiye kujera a bakin ƙaramar tagar, wadda itacen bai rufe ba. Da idonsa ya fara tafiya ita ce ke zama ta riƙa gaya masa abin da ke gulbi, ga kwalekwale biyu, ga shanu sun sauko, yau ruwa ya ja baya, masu albasa sun fara cira. Haka suka yi shekarunta na ƙarshe. Yanzu idan watanmu ya zo a kujerar yake wuni.

"Ba na ganin komai, amma na san inda komai yake. In na ji iskar nan a fuskata kamar tana gefena tana faɗa mini. Wata biyun da nake yi a nan gidan, jiran watanmu kawai nake yi."

Na haɗiye maganata. Da na tashi tafiya shi ya tuna mini da takarda, ya ce Barista ta kira shi a waya ta ce akwai abin da za mu sa wa hannu, yana wajena. Bai ma tambayi ko ta mece ce ba.

"Ni ba na gani, yara kuma suna nesa. Ranar Lahadi bayan coci ka zo da ita. Ka cike abin da ya kamata, ka kama yatsana ka ɗora inda zan sa hannu. Ba sai ka karanta mini ba."

Tun ranar ban sami sukuni ba. Na san wasunku za su ce ai abu mai sauƙi ne, ka rubuta kyauta, sannan ka roƙe shi aron mako guda don Hajiya. Na yi wannan tunanin. Amma Hajiya ta ce ba ta son aro, ni ma in na duba zuciyata ba aro nake so ba, so nake allon nan ya zama a ƙofata. Ko bayan duk abin da ya gaya mini, da na rufe ido tagar nake gani, har da rabin da na rufe da hannuna. Idan na rubuta aro, na san mutumin nan, ranar da ya gane ba zai kai ƙara ba, ba zai ko ɗaga murya ba, zai lalubi kujerar Madam ya ja ta zuwa ɗakin tanki, ni kuma in kwanta taku uku daga ƙofarsa. Idan kuma na zauna na gaya masa gaskiya, cewa kara ce na yi, ban taɓa nufin ba shi ba, a take zai mayar mini, wannan ba na shakka. Amma sai ya san sauron da ya ci 'ya'yansa da faɗan da ya yi da matarsa duk a kan tayin baki ne, kuma labarin da ya ba jikokinsa a kaina ba haka yake ba. Ban san ko ina da ikon ƙwace masa wannan a shekarunsa ba.

Malaman da ke zauren nan, kyautar da baki ya yi zuciya ba ta yi ba, kyauta ce a wajen Allah? Iyaye mata, Hajiya tana da haƙƙi a kaina ko ba ta da shi, ita da ta yi shekara hamsin a ɗakin da ba ita ta zaɓa ba? Duk wanda ya taɓa fama da hassadar mutumin da bai yi masa komai ba sai alheri, ya gaya mini yadda ya yi ta sake shi, domin ni tawa ta tsufa tare da ni.

Yau Alhamis. Tela ya aiko da labule, Hajiya ta ninke shi a kan gado inda zan gani. Takardar tana aljihun babbar rigata, gurbin nan yana nan fari. Ranar Lahadi zan kama yatsan mutumin da ya ce ba sai na karanta masa ba. Don girman Allah ku gaya mini abin da zan rubuta kafin in kama shi.